Birnin da ba a rufe ƙofarsa: abin da Kiristocin ƙasarmu ke karantawa kan sabuwar duniya

Wanda bai taɓa kwana a bakin iyaka da mota shaƙe da kaya ba, bai san darajar buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni kam sun sani. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma takunkumin CEDEAO ya sake garƙame hanya, har zuwa Maris 2024. Albasa ta ruɓe a buhu, direbobi sun cinye guzurinsu a gindin mota, mai bashi kuwa bai daina sallama a ƙofar gida ba don an rufe iyaka.

To, a shafukan ƙarshe na Littafi Mai Tsarki na Kiristoci akwai labarin wani birni mai ƙofa 12, wanda aka ce ba a rufe ko ɗaya daga cikinsu da rana, dare kuma babu shi sam a wurin. Suna kiran sa Sabuwar Urushalima. Wannan birni, da sabuwar ƙasar da aka ce zai sauko a kanta, suna cikin abin da maƙwabtanmu Kiristoci ke zama su yi nazari a majami'unsu, suna kuma karanta shi a wurin jana'iza. Da yawa daga cikinmu muna zaune rumfa da rumfa da su shekara da shekaru, muna bin juna bashin canji, muna cikin adashe ɗaya, amma ba mu taɓa sanin abin da ke cikin littafin da suke riƙewa ranar Lahadi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a duk littafin nasu da wuya a sami wurin da aka yi maganar fatauci da farashi da awo kamar wannan sashe.

Su wane ne masu karatun?

Kiristoci a Nijar ba su da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƴan mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, daga baya suka kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kutare na Danja. Daga aikinsu ne ikilisiyar EERN ta fito. Ƴan Katolika kuma suna da babban limami a Yamai, Maraɗi ma ta sami nata a 2001. A yankunanmu na Hausa, da Hausa ake karatun. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, aka sake sabuwar fassara a 1979. Littafin da muke magana a kai shi ne na ƙarshe, mai sura 22. Tsohuwar fassara ta kira shi Ru'ya ta Yohanna, sabuwa ta ce Wahayin Yahaya. Kada mai karatu Musulmi ya ruɗe, ba Annabi Yahaya ɗan Zakariyya ake nufi ba. Al'adar ikilisiya ta ce almajirin Yesu ne, Yahaya ɗan Zabadi, ko da yake masana da yawa suna ganin wani Yahaya ne dabam, kuma wannan gardama tsohuwa ce, tun ƙarni na 3 wani babban malamin Kirista na Iskandariya ya lura salon Girkancin bai yi daidai da na Linjilar Yahaya ba.

Zaman nazarin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Da yamma ne tsakiyar mako, bayan an tashi daga kasuwa, ko kuwa a taron zumuntar mata. Masu iya boko su karanta aya ɗaɗɗaya da ƙarfi don waɗanda ba su iya ba su ji, fasto ko wani dattijo ya yi bayani, sannan a buɗe fagen tambaya. Ƙa'idar da malamansu ke nanatawa ita ce kada a tsinci aya ɗaya a gudu da ita. Sai a duba wa aka rubuta wa, a wane hali suke, sannan a koma littattafan annabawan da, irin su Ishaya da Ezekiyel da Daniyel, domin kusan kowane hoto da ke cikin Wahayin daga can aka ɗauko shi.

Wasiƙa ce zuwa garuruwan kasuwanci

An rubuta littafin wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin Sarkin Rum Domitiyan, a wani ɗan tsibiri mai suna Batmusa inda marubucin ya ce yana can saboda wa'azinsa. Ya aika da shi ga jama'ar garuruwa bakwai da ke yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Galibinsu garuruwan ciniki ne. Afisa tashar jiragen ruwa ce. Tayatira garin marina ne da maƙera, daga can ne wata ƴar kasuwa mai suna Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya, ta fito, wadda aka ba da labarinta a littafin Ayyukan Manzanni. Lawudikiya kuwa garin masu canjin kuɗi ne da baƙin ulu da maganin ido. Arzikinta ya kai, da girgizar ƙasa ta rushe ta a shekara ta 60, mutanenta da kuɗin aljihunsu suka sake gina ta ba tare da taimakon Rum ba. Su ne marubucin ya fi yi wa kaca-kaca, ya ce suna ganin kansu attajirai alhali matsiyata ne, makafi, tsirara. Ka ji fa, garin tufafi da maganin ido aka ce wa tsirara makaho. Wanda ya rubuta wannan ya san kasuwar garin.

Matsalar Kiristocin wancan zamani ta taɓa tukunyarsu. Ƙungiyoyin masu sana'a suna da bukukuwan gumaka, garuruwa kuma suna da ɗakunan bautar sarki. Wanda ya ƙi shiga, ciniki ya guje shi, wani lokaci har ransa. Shekara 25 kafin nan, a 70, sojojin Rum sun rushe Urushalima ta duniya da Haikalinta. Saboda haka masu jin wannan wasiƙa mutane ne ƴan tsiraru, tsohon birninsu mai tsarki ya zama kufai, kasuwa kuma tana neman ta fi ƙarfinsu.

A sura ta 6 akwai mahayin baƙin doki da ma'auni a hannu, ana shelar farashi: awon alkama kamar lita ɗaya a kan dinari guda, wato ladan yinin leburanci. Wannan bai kai rabin tiya ba. Masana sun ƙiyasta farashin ya ninka na kullum sau takwas ko fiye, amma aka ce man zaitun da ruwan inabi kada a taɓa su. Abincin talaka ya yi tashin gwauron zabi, kayan marmarin mai hali yana nan yadda yake. Duk wadda ta riƙe gida a 2005, shekarar da hatsi yana nan jibge a kasuwa amma kuɗin sayen sa ya gagara, ba ta bukatar fasto ya fassara mata wannan.

Kukan fatake

Kafin a kai ga sabon birni sai an wuce ta wani birni dabam, wanda littafin ya kira Babila. Yawancin masana sun yarda Rum ake nufi, an saya sunan ne, ga shi ma an ce tana zaune a kan tuddai bakwai. A sura ta 18 Babila ta faɗi cikin sa'a ɗaya, sai sarakuna da fatake da matuƙan jiragen ruwa suka tsaya daga nesa suna kuka. Kukan fataken ba na mutanen da suka mutu ba ne, na rashin mai sayen kaya ne. Daga nan marubucin ya zazzage jerin haja 28, kamar takardar duwan. Ya fara da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja da lu'ulu'u, ya bi ta kan lallausan lilin da siliki da hauren giwa da katako mai ƙanshi, ya gangaro kirfa da turare da lubban, da mai da gari da alkama, da shanu da tumaki da dawaki da karusai. Abu na ƙarshe a jerin, ƙasa da dabbobi, shi ne bayi, ya kuma ƙara da cewa rayukan mutane ne.

A ganina nan ne zuciyar surar take. Ba ciniki aka tsine wa ba, Lidiya ma ai ƴar kasuwa ce kuma an yabe ta. Abin da aka tsine wa shi ne kasuwar da mutum ya zama haja a cikinta. Mu ma ba baƙin wannan zance ba ne. Sai a 2003 dokar ƙasarmu ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta yanke wa gwamnatin Nijar hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12. Masu nazarin sukan haɗa wannan sura da littafin Annabi Amos, sura ta 8, inda ya tasar wa masu awo da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu, suna rage mudu, suna ƙara farashi, suna haɗa ƙaiƙayi cikin alkama. Musulmi zai tuna da Suratul Muɗaffifina. Tiya mai bugaggen gindi ba ta da mai kare ta a littafin kowa.

Awon birnin

Sura ta 21 ce ta kawo sabuwar sama da sabuwar ƙasa. Abu na farko da ke ba mai karatu mamaki shi ne birnin saukowa yake yi. Ba a ce an kwashi mutane an haura da su ba, an ce birnin ne ya taho daga wurin Allah, an yi masa ado kamar amaryar da za a kai ɗakin miji, Allah kuma zai zauna tare da mutane. Mutuwa ta ƙare, zaman makoki ya ƙare, ciwo ya ƙare.

Sai wani mala'ika ya ɗauko sandar awo ta zinariya. Tsawon birnin da faɗinsa da bisansa duk ɗaya ne, awon Girkawa 12,000, wato kamar kilomita 2,200. Bari mu kawo shi gida. Daga Yamai zuwa Damagaram kilomita 900 ne ba kaɗan, to gefe ɗaya na birnin ya kusa ninka wannan tafiya sau biyu da rabi. Idan aka buga lissafin filinsa, zai ba da murabba'in kilomita kusan miliyan 5, alhali Nijar gaba ɗayanta 1,267,000 ce. Ke nan ƙasarmu ta kusa shiga cikinsa sau huɗu. Ganuwarsa kamu 144, kamar mita 65. Harsashinsa 12, kowanne da irin dutsensa, akwai zumurrudu, akwai aƙiƙ, akwai shuɗin yakutu, a kansu sunayen manzannin Yesu 12. Ƙofa uku a kowace kusurwa, kowace ƙofa lu'ulu'u ɗaya ce, a kansu sunayen kabilun Isra'ila 12.

A nan ake gardama mai daɗi a zaman nazari. Wasu sun ce awon gaske ne, yadda aka rubuta haka za a gan shi. Wasu sun ce a duba yadda 12 ke ta dawowa, 144 ma ai 12 sau 12 ne, saboda haka alama ce ta cikar jama'ar Allah, na da da na yanzu. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi: abu ɗaya ne a littafin nasu da tsawo da faɗi da bisa suka zo daidai, shi ne ɗaki mafi tsarki na Haikalin Sulemanu, kamu 20 kowane gefe, inda babban firist kaɗai ke shiga sau ɗaya a shekara. Birnin duka ya zama wannan ɗaki. Shi ya sa marubucin ya ce bai ga ɗakin ibada a ciki ba, domin babu lungun da ya fi wani kusa da Allah.

Titin birnin zinariya ne garau kamar gilashi. Mu da muka ga yadda samari suka watsar da gona suka nufi Jado a 2014, muka kuma ji yadda ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa a Nuwamba 2021, mun san abin da ake ba da rai a kansa. A can kuwa ita ce daɓen da ake takawa.

Ƙofa fa? Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin ganuwar Birni ta zamanin Sarki Tanimun, da yadda ake rufe ƙofofin garuruwa da faɗuwar rana saboda mahara. Ana rufe ƙofa ne don tsoro. Birnin da ƙofarsa ke buɗe kullum birni ne da ba shi da abokin gaba. Kuma ba don ado aka bar su buɗe ba, an ce al'ummai da sarakunan duniya za su shigo da darajarsu da dukiyarsu ta nan. Wannan hoto daga Ishaya sura ta 60 ya fito, inda ayarin raƙuma ke shigowa da zinariya da lubban, kamar dai ayarin gishirin Bilma. Wahayin bai ambaci kasuwa a sabon birni ba, kuma wannan tambaya ce da ƴan kasuwa ba sa rasa yi. Amsar da malamai da dama ke bayarwa ita ce, kayan kirki da hannun ɗan Adam ya yi ba za su ɓace ba, za a shigo da su, zaluncin da ke manne da su ne za a bari a waje. Jerin waɗanda aka ce ba za su shiga ba ya haɗa da masu kisa da masu sihiri da fasiƙai, kuma sau uku a surori biyun ƙarshe aka ambaci maƙaryata.

Abu ɗaya da aka ce kyauta ne ƙarara shi ne ruwa. Kogi yana fitowa daga kursiyin Allah yana bi ta tsakiyar titi, mai ƙishi ya sha ba da ko dala ba. A Damagaram, inda mata ke tashi da tsakar dare su bi layin famfo, inda jarkar ƴan ga-ruwa ke tsada da bazara, wannan aya ba ta neman dogon sharhi. A bakin kogin akwai itacen rai, mai ƴaƴa sau 12 a shekara, kowane wata da nasa, ganyensa kuma magani ne ga al'ummai. Babu rani ke nan, babu watan da rumbu ke ƙarewa kafin sabon hatsi ya nuna.

Akwai kuma wata ƴar magana da takan sa ƴan Nijar murmushi: an ce a sabuwar duniya babu teku. Mu da kayanmu ke kwana a tashar jiragen ruwan wasu, muna biyan kuɗin ajiya, sai mu ce to kowa ya dawo irinmu. Amma ga mutanen wancan zamani teku gidan hargitsi ne, daga cikinsa dabbar nan ta sura ta 13 ta fito, ta kansa kuma jiragen Rum ke kwashe arzikin ƙasashe.

A ƙone ta ne, ko a gyara ta?

Babbar tambayar da ta raba malaman Kirista ita ce makomar wannan ƙasa da muke takawa. Wasiƙar Bitrus ta biyu, sura ta 3, ta yi maganar wuta da za ta narkar da abubuwa kafin sabuwar sama da ƙasa su zo. Wasu suka fahimci za a share wannan duniya ne a kawo wata dal. Amma Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa sura ta 8, ya kwatanta halitta da mace mai naƙuda, tana jiran a ƴanta ta daga ruɓewa. Mai naƙuda kuwa haihuwa take jira. Masu wannan fahimta suna ƙarawa da cewa kalmar Girkancin da aka fassara da sabuwa ta fi karkata ga abin da aka sabunta kamanninsa. Wutar Bitrus a wurinsu irin ta maƙeran kasuwar Katako ce a Yamai, waɗanda ke tara tsofaffin gwangwanaye da ɓaraguzan sanholo su narkar, datti ya taso a kwashe, a zuba sauran a ƙera tukunya. Ƙarfen dai shi ne, amma tukunyar sabuwa ce. Musulmi ma sun san a Suratu Ibrahim an ambaci ranar da za a musanya ƙasa da wata ƙasa, sai dai kowane addini da yadda ya ɗauki hanyar shiga, Kiristoci suna danganta komai ga Yesu, wanda littafin ke kira Ɗan Rago, kuma a nan ne hanyoyin suka rabu.

Gardamar ba ta malamai kaɗai ba ce, tana da tasiri a gona. Wanda ya ɗauka duk za a ƙone, yana iya cewa me ya dame ni da itace. Wanda ya ɗauka za a sabunta, yana ganin gyaran ƙasa somin-taɓi ne. A 1983 wani ɗan mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran, a kare su. Abin da muke kira sassaben zamani ke nan. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gaskiya ce dole a faɗa, manoma ne suka yi aikin da adda da gatarinsu, kusan dukkansu Musulmi, kuma a wajen Magariya da Matamai mutane sun san darajar gawo tun kaka da kakanni. Amma shi mutumin bai taɓa ɓoye cewa imaninsa ne ya hana shi tattara kayansa ya koma gida ba.

Ishaya sura ta 65, wadda ita ce tushen maganar sabuwar sama da ƙasa, ta fi Wahayin saukowa ƙasa-ƙasa. Babu lu'ulu'u a cikinta. Abin da ta lissafa shi ne mutum ya gina gida ya zauna a ciki da kansa, ya shuka ya ci da kansa ba wani ya ƙwace ba, kada jariri ya yi kwana kaɗan ya koma, wanda ya mutu da shekara 100 a ce yaro ne. Binciken lafiyar jama'a na 1992 ya nuna a Nijar yara 318 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar. A 2012 adadin ya sauko 127. An ci gaba, amma har yanzu da wuya ka sami zaman mata goma da babu wadda ta binne ɗa. Wannan sura ta fi taɓa iyayenmu mata fiye da ganuwar yakutu.

Inda karatun ke zama haɗari

Littafin nan ya sha wahala a hannun masu gaggawa. Sura ta 13 ta ce za a zo lokacin da ba mai saye ko sayarwa sai mai alamar dabbar, lambarta kuma 666. Daga nan kowane zamani da abin da ake liƙa wa lambar: zanen layukan da ke jikin kwalin kaya, katin banki, katin shaida, har allurar rigakafin korona a 2021. Masana tarihi da yawa kuwa suna ganin lissafin haruffa ne irin hisabin da malamanmu suka sani, inda kowane harafi ke da adadinsa. Idan aka rubuta sunan Kaisar Nero da haruffan Ibrananci aka tara, 666 yake bayarwa. Wasu tsofaffin kwafe ma 616 suka rubuta, wanda ya dace da yadda ake faɗin sunan da Latinanci.

Masu sa wa tashin duniya rana su ma ba su ƙare ba. A Amurka mabiyan William Miller sun jira 22 ga Oktoba 1844, wasu sun bar amfanin gona bai girbu ba. Wani mai gidan rediyo, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zuba ajiyarsu a tallar ranar. Abokin sana'ata ne, kuma abin da ya yi ya isa ya sa duk mai riƙe da makirfo ya auna bakinsa. Mafi muni shi ne na Kanungu a Yuganda, inda wata ƙungiya ta sa mabiyanta suka sayar da dukiyarsu suka miƙa wa shugabanni, da ranar ta wuce ba abin da ya faru, a Maris 2000 aka hallaka fiye da mutum 700, ɗaruruwansu a cikin ginin da aka cinna wa wuta. Alhali Linjilar Markus sura ta 13 ta ce ba wanda ya san ranar sai Allah, Bulus kuma ya tsawata wa mutanen Tasalonika da suka ajiye sana'a suna zaman jira, ya ce mai ƙin aiki kada ya sa ran abinci. Duk wanda ya ce da ke, Hajiya ko Madam, ki karya jarinki ki kawo masa don duniya ta zo ƙarshe, ki tambaye shi me shi zai yi da kuɗin.

Ko a tsakanin masu karatun natsuwa akwai saɓani. Shekara 1,000 da sura ta 20 ta ambata, wasu suna jiran ta a zahiri nan gaba, wasu sun bi Agustin, malamin nan na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya maƙwabciyarmu, wanda ya ce zamanin ikilisiya ne da ake ciki. Shi ne ya rubuta littafin Birnin Allah bayan an washe Rum a shekara ta 410, lokacin da mutane suka ɗauka duniya ce ta ƙare. Shaidun Jehobah kuma, masu bi gida-gida da ƴan littattafai, suna koyar da cewa mutum 144,000 ne kaɗai za su sama, sauran masu gaskiya su zauna a aljannar duniya, abin da Katolika da ƴan bishara ba su yarda da shi ba.

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai, ban da shaguna da makarantu da gidaje. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada ba su zana komai ba, wasunsu ma ba su taɓa ganin jaridar ba. An kuma sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka har ƙura ta lafa. A makonnin da suka biyo baya jama'a da dama a ƙarƙashin rumfa da tanti suka yi sujada, a gefen bangon da hayaƙi ya baƙanta, da ƴan littattafan da suka tsira. Da yawa daga cikin gine-ginen an sake tayar da su a shekarun da suka biyo, wasu da katanga mafi tsawo da ƙofar ƙarfe.